Biron yumɓun roba da ake ferewa a inji: tambayoyin da aka fi yi min

Wai wane irin yumɓu ne wannan, na tukwane?

A'a, sunan ne kawai yumɓu, ba ƙasar tukwane ba ce. Roba ce irin ta PVC, dangin fayif ɗin ruwa, an haɗa ta da wani mai da ke sa ta laushi da kuma kala, shi ya sa ko ka bar ta a buɗe ba ta bushewa sai ta ji wuta. Waɗanda aka fi sani su ne Fimo na kamfanin Staedtler a Jamus, sai Premo da Kato daga Amurka. Don biro nemi mai ƙwari irin Premo ko Kato, mai laushin da yara ke wasa da shi karyewa yake.

Me da me zan tanada?

Kit ɗin biro, wato kan biron da maƙalin aljihu da abin murɗawa da bututun tagulla guda 2, mafi araha shi ne siririn nan mai bututun milimita 7. Sai ƙaramin injin sassaƙa mai juyi irin wanda kafintoci ke fere ƙafar kujera da shi, sandar ƙarfen da ake zira bututun a kai da zobbanta masu nuna maka kaurin da za ka tsaya, cizil mai kaifi, sanfefa, sufa gulu, obin da ma'aunin zafi. Kuma injin murza taliya, eh wanda mata ke taliyar hannu da shi, da shi ake laushin yumɓun a fitar da shi fale-fale. Amma in ya taɓa yumɓu to ya bar kicin kenan.

Ya ake ɗora shi a bututun?

Fara goge bututun da sanfefa ya yi kaushi, ka shafa ɗan yumɓun roba na ruwa, wato irinsa mai ruwa-ruwa kamar gam, don ya kama, sannan ka naɗa fallen kana dannawa a hankali kana korar iska. Iskar nan ita ce babbar matsala wallahi, ƙaramin kumfa da ido bai gani ba sai kana cikin fere ya buɗe ya zama rami a tsakiyar zanen da ka kwana kana yi. Ka gan shi tun ɗanye, soke shi da allura ka shafe da yatsa.

Me ya sa zanena ya ɓace bayan na fere?

Saboda a sama kawai ka liƙa shi. A siririn biro abin da ke saura a bakin bututun ko milimita 1 bai cika ba, duk abin da ke sama da haka cizil zai kwashe. Dabarar ita ce ka haɗa kaloli ka yi sanda wadda zanen ya ratsa ta daga farko har ƙarshe kamar alawa mai fure a ciki, ka yanka ta da reza, ka jera yankan kai tsaye a jikin bututun gefe da gefe, kaurin ya ɗan ɗara zobban kaɗan. Ta haka duk inda cizil ya kai zanen yana nan.

Gashin fa, minti nawa?

Nan ne aikin yake gaba ɗaya, ni a wurina ya fi feren muhimmanci. Bi abin da aka rubuta a leda, Fimo digiri 110 ne na Celsius minti 30, Premo wajen 135, Kato kuma kusan 150. Kar ka yarda da lambar da ke jikin obin ɗin, ƙananan nan zafinsu hawa da sauka yake, sa ma'auni a ciki ka gani da idonka. Na farkon da na yi daga waje ya yi kyau tas, shuɗi da fari, ina ɗora cizil sai ya fara zubowa gari-gari kamar ƙuli-ƙuli, na ɓantare gefen da farce na ga cikin bai gasu ba, raina ya ɓaci sosai ranar. Wanda ya gasu da kyau zare-zare yake fita dogo yana naɗe maka a hannu. Ƙara lokaci ba ya cutar da shi, ƙara zafi ne ke ƙona shi, kuma hayaƙinsa na da illa ga ƙirji, in ya ƙone kashe wuta ka buɗe taga ka fita. Rataye bututun a kan waya kar ya kwanta a faranti gefe ɗaya ya baje.

Feren yana da wuya?

Ya fi katako sauƙi nesa ba kusa ba. Bari ya huce sarai, hannu sama-sama, cizil mai kaifi, kar ka danna. Sa takunkumi da gilashin ido.

Ya ake samun sheƙin nan kamar gilashi?

Sanfefa da ruwa, daga lamba 400 zuwa 600 har can mai laushi sosai, inji a hankali don zafi na sa robar ta yi danƙo. Wasu nan suke tsayawa su goge da ƙyalle, ni dai ina bin sa da sufa gulu shafi siriri-siriri sau 5 ko 6 ina barin kowanne ya bushe, saboda biro kullum yana hannu yana shan gumi. Sannan ka share gulun da ya taru a bakin bututun kafin ka matse kan biron, in ba haka ba wajen matsewar nan bakin zai tsage.