Waiwaye: Me Ya Nisanta Iqaluit da Nuuk?

Tun da aka maido da jirgin sama tsakanin Iqaluit, babban birnin yankin Nunavut na Kanada, da Nuuk, babban birnin Girinland, tsibirin da ke ƙarƙashin masarautar Danmak, a watan Yuni na 2024, ake ta muhawara kan ko zai ɗore. Tazarar garuruwan biyu ba ta wuce kilomita 800 da 'yan kai ba, tafiyar awa biyu ce a ƙaramin jirgi, kuma mutanen Inuit da ke gaɓar nan da waccan 'yan uwan juna ne, harsunansu ma dangi ne. Amma shekara da shekaru, mai son haye mashigin Davis, wato tekun da ya raba yankunan biyu, sai ya gangara kudu zuwa Otawa, babban birnin Kanada, ya ƙetara Turai, sannan ya dawo arewa, ya kwashe kwanaki a hanya.

Tushen abin sananne ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka gina filin jirgin Kangerlussuaq da ke Girinland a 1941, sannan na Frobisher Bay, wato Iqaluit ta yau, a 1942, domin jiragen yaƙi masu tafiya Turai su yada zango. Daga baya hanyoyin fasinja suka miƙa kudu, Iqaluit ta fuskanci Otawa, Girinland kuma ta fuskanci Kopenhagen, babban birnin Danmak.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne shekarar 1979, lokacin da aka buɗe filin jirgin Nuuk da titin sauka mai tsawon mita 950 kacal. A wancan zamani babban ci gaba ne, domin kafin nan jiragen helikwafta ne ke jigilar mutanen birnin, kuma duwatsun da suka kewaye shi sun sa kowace mita ta titi tana cin kuɗi mai yawa. An kuma samu jirgin Dash 7, wanda ke iya sauka a gajeren fili, sai ya zama kamar an yi maganin matsalar. Sai dai wannan gajeren titi ya tsara tafiye-tafiyen ƙasar har shekara 45. A tsawon waɗannan shekaru, babban jirgi ba ya iya sauka a Nuuk, don haka mai zuwa daga Danmak sai ya sauka a Kangerlussuaq, ƙauyen da mazaunansa ba su fi 500 ba, ya canja zuwa ƙarami. Ƙaramin jirgi kuwa kujerunsa kaɗan ne, ba ya ɗaukar kaya da yawa, kuma iska ko hazo kan hana shi sauka. A ganina nan ne gizo ke saƙa, domin hanyar da ba ta da kayan da za su tallafa wa kuɗin tikiti, tsakanin birni mai mutum kusan 20,000 da wani mai 7,000 da ɗoriya, da wuya ta riƙe kanta.

Shi ya sa jirgin da ke haɗa yankunan biyu ya tsaya a 2001, aka sake gwadawa daga 2012 zuwa 2014, ya sake tsayawa saboda ƙarancin fasinja. A ranar 28 ga Nuwamba, 2024 aka buɗe sabon titin Nuuk mai mita 2,200, wanda manyan jirage ke iya sauka a kai. Jirgin Iqaluit kuwa da aka maido, a 2024 sau ɗaya ne a mako, kuma a watannin ɗumi kaɗai ya yi ta tashi.