Kayan tarihin Masar a gidajen tarihin Turai: a mayar ko a bari?

Ta yaya kayan Fir'aunoni suka cika gidajen tarihin Turai da Amurka?

Ba ta hanya ɗaya suka fita ba. Wasu ganimar yaƙi ne, wasu saye, wasu kuma rabo: Turawa su yi tono, a raba abin da aka samu tsakaninsu da hukumar kula da kayan tarihin Masar. Sai dai hukumar kanta Faransawa ne ke shugabantarta har 1952. Akwai kuma kyauta ta gaskiya. Ɗakin bautar Dendur da ke New York, Masar ce da kanta ta bai wa Amurka a 1965, don gode mata kan taimakon ceto gine-ginen Nubiya daga ruwan madatsar Aswan. Wannan babu mai neman a dawo da shi.

Waɗanne ne ake ta rigima a kansu?

Uku ne suka fi fice. Na farko Dutsen Rashid, wanda Turawa ke kira Rosetta. Sojojin Faransa ne suka tsince shi a 1799, da Ingila ta ci su da yaƙi sai ta karɓe shi a yarjejeniyar 1801, yana Landan tun 1802. Da rubutun da ke jikinsa masanin Faransa Champollion ya gano yadda ake karanta rubutun Fir'aunoni a 1822. A wancan cinikin na 1801, baƙi biyu ne suka raba kayan mai gida ba tare da an tambaye shi ba.

Na biyu mutum-mutumin kan Sarauniya Nefertiti, wanda Bajamushe Ludwig Borchardt ya tono a Amarna a 1912, yanzu yana Balin. Jamus na cewa rabon halal ne, Misirawa na cewa an ɓoye darajarsa ranar rabo. Na uku taswirar taurari ta Dandara, wadda aka yanko daga rufin ɗakin bauta a 1821, tana Faris. Zahi Hawass, tsohon ministan kayan tarihin Masar, ya daɗe yana tara sa hannun jama'a don a dawo da su.

Me ya hana a mayar?

Doka. Dokar Birtaniya ta 1963 ta hana gidan tarihin Landan rabuwa da kayansa, yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana fasa-ƙwaurin kayan tarihi kuma ba ta waiwayar abin da ya fita kafin ta.

Ba a ce Turawa sun fi iya adana su ba?

An daɗe ana faɗa, kuma gaskiya ne an fasa gidan tarihin Alƙahira lokacin boren 2011. Amma a 2023 gidan tarihin Landan ya amsa cewa kimanin kaya 2,000 sun ɓace ko sun lalace a hannunsa. Ga shi Masar ta buɗe katafaren sabon gidan tarihi a Giza a Nuwamban 2025, inda aka baje kayan Fir'auna Tutankhamun sama da 5,000. A ganina wannan hujja ta faɗi. Haka ma batun cewa a Landan "duniya duka" ke gani: ɗalibin Masar sai ya sha wahalar biza kafin ya ga dutsen kakanninsa.

An taɓa mayar da wani abu?

An taɓa. A 2019 gidan tarihin Metropolitan na New York ya mayar wa Masar akwatin gawa mai ruwan zinariya na Nedjemankh, wani malamin addini na tsohuwar Masar, wanda ya saya kusan dala miliyan 4, bayan an gano na sata ne da takardun bogi. Jamus ma ta fara dawo wa Najeriya tagullar Benin a 2022.

To, in na samu dama in shiga in kalla?

Shiga mana, ƙaurace musu ba ya dawo da komai. Amma kada ka tsaya ga kyan abin kawai. Karanta ɗan allon da ke gefensa: wa ya kawo shi, a wace shekara, ta wace hanya? Idan allon ya ce "an samo" kurum ya yi shiru, tambayi ma'aikatan wurin daga hannun wa aka samo shi.