Baƙar giya mai na'a-na'a da cakulan: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Ina aiki a wurin sayar da giya na wata ƙaramar masana'anta a arewacin Ingila. Duk shekara sanyi na shigowa sai a fito da sitaut, wato baƙar giya, mai na'a-na'a da cakulan saboda Kirsimeti, ni kuma wayata ta cika da tambayoyin 'yan gida, musamman ɗalibai sababbin zuwa. Ni Kirista ne, ina sha, don haka kada wani ya sake turo min wa'azi, kada kuma ya nemi fatawa a wurina. Ga amsoshin a wuri ɗaya.

Giya ce ko abin sha na cakulan?

Giya ce. Hoton alewa da koren ganye da ke jikin gwangwanin ado ne kawai.

Tana bugarwa?

Ƙwarai kuwa. Guinness ta famfo da ake sha a nan barasarta wajen kashi 4 ce cikin ɗari, wadda ake yi a Najeriya kuma 7.5. Irin waɗannan masu zaƙi da yawansu sun wuce haka, wasu har 10 ko 12. Zaƙin ne ke rufe barasar, sai mutum ya tashi tsaye ƙafarsa ta ba shi labari. Ku duba haruffa uku ABV a jikin gwangwani, lambar da ke kusa da su ita ce yawan barasar, ita ce magana.

Me ya sa take baƙa ƙirin?

Gasasshen sha'ir. Ba rini ba ne, ba jini ba ne, kuma don Allah a daina yaɗa wannan.

To da gaske akwai cakulan a ciki?

Wani lokaci. Tsiron sha'ir idan aka gasa shi sosai, shi da kansa yana ba da ƙamshin cakulan da kofi, ko da ba a sa koko ko ƙwaya ɗaya ba. Tun ƙarni na 18 masu dafa giya a Landan suke sayar da baƙar giya mai irin wannan ƙamshi, kuma daga can sitaut ta samo asali. Abin da ƙananan masana'antun yanzu suka ƙara, musamman na Amurka, shi ne zuba farfasassun 'ya'yan koko a cikin tanki bayan giyar ta nuna, a bar su su jiƙa, sannan a sa ganyen na'a-na'a ko ruwansa. Da yawa kuma suna ƙara sukarin madara, wanda yis ba ya iya cinyewa, shi ya sa take fitowa da kauri da zaƙi. Wanda madara ke ɓata wa ciki ya karanta jerin kayan haɗin kafin ya zo yana min kuka.

Yaya ɗanɗanonta yake?

Hanci ne ke fara sha. Ana tsiyayawa na'a-na'a ke fara tashi, tun kumfar ba ta kwanta ba, kumfar kuma ba fara ba ce, ruwan ƙasa ce mai kauri da ke barin zane a jikin kofi. Kurɓin farko zaƙi ne da cakulan, mai nauyi a harshe. Daga nan ɗacin gasasshen sha'ir ya biyo, da ɗan bauri a gefen baki. Sai ka haɗiye na'a-na'ar ta dawo ta baya, sanyi-sanyi a maƙogwaro, yayin da barasar ke ɗumama ƙirji. Wannan sanyi da ɗumi a lokaci guda shi ne duk abin da ake saye. Idan mai dafawa ya iya hannunsa, na'a-na'ar tana tsayawa a ƙarshe kawai. Idan hannunsa ya zarce, kamar ka jefa TomTom uku cikin baƙin kofi ne, ba ka jin komai sai iska a hanci. A ganina mafi yawansu hannun ya zarce, kuma ko mai kyan ma rabin kofi ya isa. Na sha ganin mutum ya yaba kurɓi uku na farko, ya bar sauran a tebur.

In sa a firiza?

A'a. Sanyi mai yawa yana kashe cakulan ya bar ɗaci. Fito da ita daga firji, ka ba ta ɗan lokaci.

Ni Musulmi ne. Na ga wadda aka rubuta 0.0, zan iya sha?

Wannan ce tambayar da ba na son amsawa a gurguje, kuma na riga na ce ni ba malami ba ne. Abin da na sani shi ne yadda ake yin ta. Yawancin irin waɗannan cikakkiyar giya ake dafawa, ta nuna, ta yi barasa, sannan a cire barasar ta hanyar tacewa ko tururi. Haka ake yin Guinness 0.0, wadda aka fara fitarwa a 2020. Wasu kuma ba a bari su nuna sosai tun farko. Sannan rubutun jikin gwangwani ba ma'anarsa ɗaya ba a ko'ina. A ƙa'idar Ingila, abin da za a kira marar barasa bai kamata ya wuce kashi 0.05 ba, amma a Amurka da ƙasashen Turai da dama har kusan 0.5 ana kiran sa marar barasa, kuma kayansu na shigowa kantunan nan. Yawancin sitaut na ƙananan masana'antu da ake cewa babu barasa 0.5 ne, ba 0.0 ba.

To, a nan malamai suka rabu. Kun fi ni sanin hadisin da ke cewa abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗansa ma haramun ne. Wasu sun ce tunda ko ka sha bokiti ba za ka bugu ba, ba ta shiga ciki. Wasu sun ce asalinta giya ce, an yi ta da niyyar giya, cire barasar bai wanke ta ba. Hukumar da ke ba da shaidar halal a Maleshiya wannan ɓangaren ta bi. Akwai kuma masu cewa ko da ta halatta, zama da gwangwani mai kama da na giya jawo wa kai zargi ne. Idan ka tambaye ni a matsayin ɗan'uwa, ba mai sayarwa ba, zan ce in dai zuciyarka na ɗar-ɗar har ka rubuto min, to ka bar ta. Ba ka rasa komai ba. Dafa cakulan mai ɗaci da madara, jefa ganyen na'a-na'a, ka samu fiye da rabin abin da ake yayi. Amma ka kai maganar wurin malaminka, ka gaya masa yadda ake yin ta kamar yadda na bayyana, kada ka ce masa kawai "lemo ne".

Malta ma ai sitaut ce, ko?

A'a, kwantar da hankalinka. Maltina da Malta Guinness ba a barin su su zama giya. Launi kawai suka haɗa.

An ce tana ƙara jini, har mai jego ana ba ta.

Wa ya ce? Sinadarin ƙarfen da ke cikinta bai taka kara ya karya ba. Mai ƙarancin jini ya je asibiti, ya ci hanta da zogale. Mai ciki da mai shayarwa kuma su yi nesa da ita, da na'a-na'a ko babu.

Da wadda ake yi a Legas da ta nan, wacce ta fi?

Ba jirgi ɗaya ya ɗauko su ba. Ta Ikeja, inda Guinness ta buɗe masana'anta a farkon shekarun 1960, da dawa ake haɗa ta, tana da ɗaci da ƙarfi, ba ta wasa da alewa. Ni ita na fi so, kuma maigidana ya sani.

Za ka taho min da gwangwani biyu Kano in za ka zo?

Ba zan taho da shi ba. Kai ka san aikin Hisba, ni ma na sani.