Lissafin Tashi da Hawa a Jiragen Jet na Alfarma

Lissafin tashi shi ne aikin da matuƙi yake yi kafin ya ɗaga, don ya san iyakar nauyin da jirginsa zai iya tashi da shi daga wani fili a yanayin ranar. A jiragen attajirai da kamfanoni irin su Gulfstream da Challenger da Falcon, lissafin ya ginu ne a kan zaton cewa inji ɗaya zai mutu a mafi munin lokaci. Ƙa'idojin suna cikin Sashe na 25 na dokokin FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, da takwaransa CS-25 na Turai.

Ana fitar da ma'aunin gudu guda uku. V1 shi ne iyakar fasawa: kafin a kai shi ana iya taka birki, bayansa kuwa sai dai a tashi ko da inji ya mutu. A VR ake ɗaga hancin jirgi, sannan dole ya kai V2, gudun da zai iya hawa da shi lafiya ko da inji ya mutu, lokacin da ya yi sama da ƙafa 35. Idan titin jirgi a jiƙe yake, ana rage wannan tsayi zuwa ƙafa 15.

Hawan kansa an kasa shi zango huɗu, amma na biyu ne ke wahalar da matuƙa. Yana farawa da zarar tayoyi sun shige, har zuwa aƙalla ƙafa 400. A nan jirgi mai inji biyu, da injinsa ɗaya tak, dole ya hau kashi 2.4 cikin ɗari, wato ƙafa 24 a kowace ƙafa 1,000 ta tafiya. Mai inji uku, kamar Falcon 7X, kashi 2.7 ake nema. Wannan sharaɗi babu ruwansa da tsawon titi. Komai faɗin fili, zafi da tudu suna sa iska ta yi shara-shara, inji ya rasa ƙarfi. Shi ya sa a Aspen ta jihar Kolorado, mai tsayin fiye da ƙafa 7,800 kuma a tsakiyar duwatsu, da rani akan rage mai ko fasinja, ko a jira sanyin safiya.

Wajen kauce wa tsauni ko hasumiya, ba a dogara da ainihin hawan jirgin. Ana zaftare kashi 0.8 cikin ɗari daga hawan ga mai inji biyu, sannan abin da ya rage ya wuce kowane shinge da ƙafa 35. Akwai kuma inda ake yawan ruɗewa: hawan ƙafa 200 a kowace mil ta ruwa (ma'aunin nisa na jiragen sama da na ruwa) da ake nema a hanyoyin fita na yau da kullum an tsara shi ne da zaton duk injuna na aiki. Saboda haka kamfanoni da yawa ke sayen bincike na musamman a kan kowane titi, mai ɗauke da hanyar da za a bi idan inji ya mutu.

Yadda aka rarraba nauyin ma na cikin lissafi. A ranar 2 ga Fabrairu 2005, wani Challenger 600 ya ƙi ɗaga hanci a filin Teterboro na jihar New Jersey, ya zarce titi, ya tsallaka babbar hanyar mota, ya daki wani gini. Bincike ya gano nauyi ya rinjaya gaba fiye da ƙima.