Yadda Dokar Amurka Ta Ba Mazauna Gari Damar Sa Baki a Kuɗin Hanyoyi da Sufuri

A Amurka, ranar da mutum ya wayi gari ya ga katafila a bakin layinsu ana kafa shinge za a faɗaɗa titi, shawarar aikin ta yi shekaru da yankewa, wani lokaci goma ko fiye. Wanda ya tashi ƙorafi a ranar, ihu bayan hari yake yi. Dokar tarayya ta tanadar wa mazauna gari wurin sa baki, sai dai wurin yana can baya, tun aikin bai wuce layi ɗaya a cikin daftari ba. Wannan ya shafi duk mazaunin ƙasar, har da 'yan uwanmu Hausawan Gana da Nijar da Najeriya da ke Bronx a birnin New York, unguwar da bas da jirgin ƙasa ne ƙafar yawancin mutanenta.

Dokar tana da dalili mai ɗaci. Bayan 1956, da aka shiga shimfiɗa manyan hanyoyin da suka haɗa jihohi, injiniyoyi kan ja layi a taswira, layin kuma ya bi ta tsakiyar unguwannin talakawa da baƙar fata. Haka hanyar I-94 ta raba unguwar Rondo gida biyu a birnin St. Paul na jihar Minnesota. A 1962 majalisar dokokin tarayya ta ce duk yankin birni da ya haura mutum 50,000 ba zai ga kuɗin hanya na tarayya ba sai jiha da ƙananan hukumomi sun zauna sun tsara sufurin yankin tare. Daga nan hukumomin tsara sufurin yanki suka samo asali, waɗanda ake kira MPO a taƙaice, kuma yau sun haura 400. Dokar sufuri ta 1991 ta ƙara musu iko kan kuɗi, ta 2005 kuma ta wajabta wa kowace ta rubuta yadda za ta ji ra'ayin jama'a.

Sunan hukumar ya bambanta daga gari zuwa gari: NYMTC a New York, CMAP a Chicago, H-GAC a Houston. Masu jefa ƙuri'a a kwamitinta su ne magadan gari da sauran zaɓaɓɓun ƙananan hukumomi, da jami'an ma'aikatar sufuri ta jiha, da wakilan hukumar bas da jirgin ƙasa. Ba a zaɓen mutum kai tsaye zuwa yawancin waɗannan kujeru, shi ya sa mutane da yawa ba su ma san da hukumar ba. A wurare da dama kuma ƙaramin gari na bayan birni yana da ƙuri'a daidai da yanki mai ninkin jama'arsa. Abin ya dami mutanen Houston har a Nuwamban 2023 suka kaɗa ƙuri'ar neman a raba kujeru gwargwadon yawan jama'a.

Takardu biyu ne ke riƙe da komai. Ta farko ita ce dogon shiri, wanda dole ya hango aƙalla shekara 20 gaba, a kuma sabunta shi duk shekara biyar, ko duk shekara huɗu a yankunan da iskarsu ta gaza ma'aunin tsabta na tarayya. Ta biyu ita ce jerin ayyukan da aka ware wa kuɗi, wanda ake kira TIP. Shi yana ɗaukar aƙalla shekara huɗu, kwamitin hukuma da gwamnan jiha ne ke amincewa da shi, sannan a zuba shi yadda yake cikin jerin jiha. Aikin da bai dace da dogon shiri ba ba ya shiga TIP, wanda bai shiga TIP ba kuwa galibi ba ya cin kuɗin sufuri na tarayya.

Akwai sharaɗi ɗaya da ya kamata kowa ya riƙe: ba a yarda hukuma ta jera ayyukan da suka fi ƙarfin kuɗin da take da hujjar sa ran samu ba. Ke nan duk aikin da ya shiga, wani ya fita. Abin da ya rage ana iya tara shi a wani jeri na daban, na ayyukan da za a yi in kuɗi ya samu. Mutanen unguwa kan ga gadar masu tafiya a ƙasa da suka daɗe suna nema a wannan jeri su yi murna, alhali babu kuɗi a bayanta. Kuɗin kuma ba ya yalwata. Harajin fetur na tarayya santi 18.4 ne a galan, na dizal 24.4, ba a taɓa su ba tun 1993, kuma tun 2008 ake cike giɓin asusun hanyoyi daga baitulmalin ƙasa. A yawancin ayyuka tarayya na biyan kashi 80 cikin ɗari, sauran 20 daga jiha ko ƙaramar hukuma. Gari marar ƙarfi da ya kasa kawo nasa kason yakan rasa aikin, ko da ya fi kowa buƙata.

Idan ka buɗe TIP za ka ga kowane aiki da lambarsa, da hukumar da ta ɗauki nauyinsa, da taƙaitaccen bayani, da asusun da kuɗin zai fito, da shekara. Ka tsaya a kan matakin da aka sa wa kuɗi. Layi zai iya nuna kuɗin zane a shekarar farko, kuɗin sayen filaye da biyan diyya a ta uku, gini kuma babu shi a jerin. Wannan aiki icce ne ɗanye, ana iya tanƙwara shi: a matsar da mahaɗa, a ƙara wurin tsallakawa, a rage faɗi. Idan kuwa ka ga an gama sayen filaye, kuɗin gini na shekara mai zuwa, abin da ya rage a hannunka kaɗan ne.

Haƙƙin jama'a yana sashe na 450.316 na kundi na 23 na ƙa'idojin tarayya. Dole hukuma ta ba da sanarwa a kan lokaci, ta ajiye takardu a intanet, ta yi amfani da taswira da zane yadda wanda ba injiniya ba zai gane, ta yi taro a wuri da lokacin da mutane za su iya zuwa, ta kuma nemi jin buƙatun waɗanda aka saba bari a baya, kamar masu ƙaramin ƙarfi da tsiraru. Idan ra'ayoyi masu nauyi sun shigo, sai ta taƙaita su, ta rubuta abin da ta yi da su, ta haɗa da takardar ƙarshe. Idan takardar ƙarshe ta sha bamban sosai da daftarin da aka nuna, har ta ta da batun da jama'a ba za su iya hangowa ba, sai an sake buɗe ƙofa.

Nan mutane ke yawan ruɗewa kan kwanaki. Kwana 45 da ƙa'ida ta ambata na takardar tsarin jin ra'ayin jama'a ce ita kanta. Wa'adin dogon shiri da na TIP kuwa kowace hukuma ce ke yanka wa kanta a cikin waccan takarda, kuma da yawa kwana 30 suke sawa. Saboda haka ita ce takardar farko da ya kamata a nema a karanta. A cikinta ne kuma hukuma ke bayyana inda ta ja iyaka tsakanin babban gyara da ƙarami. Ƙara aiki, ko cire shi, ko babban sauyi a kuɗinsa ko fasalinsa, babban gyara ne, sai an ji ta bakin jama'a. Ƙaramin gyara ma'aikata ne ke yinsa a ofis. Hukumar da ta ɗaga iyakar sama tana iya motsa kuɗi mai yawa ba tare da kowa ya ji ba, kuma wannan abu ne da ya cancanci a yi magana a kai lokacin da ake sabunta takardar.

Gaskiyar da ba ta da daɗin ji ita ce, doka ta wajabta a saurara a kuma ba da amsa, ba ta wajabta a bi ba. Mutum dubu na iya cewa a'a, kwamiti ya ce i, kuma bai taka doka ba. A ganinmu wannan rauni ne babba, domin wa'adin kwana 30 na ƙarshe yakan zo bayan ma'aikata sun auna ayyuka, an yi ciniki tsakanin garuruwa, alƙalami ya kusa bushewa. Inda magana ta fi tasiri shi ne kafin nan, a wurare biyu. Na farko, lokacin da ake tsara makin da za a auna ayyuka da shi: maki nawa ga rage haɗari, nawa ga rage cunkoso, nawa ga isa wurin aiki ba da mota ba. Idan saurin mota ya kwashe makin, faɗaɗa titi ne zai riƙa cin gasa kowace shekara. Na biyu, a majalisar ƙaramar hukuma, domin mutum ɗaya ba ya shigar da aiki. Gari ko gunduma ko hukumar bas ce ke nema, ta kuma yi alkawarin kasonta.

Ra'ayin da ke aiki shi ne mai lamba da wuri. "A gyara mana hanya" zai samu amsar godiya kawai. Wanda ya rubuta lambar aikin, ya ce tsakanin danja biyu a wannan titi babu wurin tsallakawa, ga makaranta a tsallake, ga tashar bas a wancan hannu, mata da yara na ratsa layi huɗu da duhun asuba, ina neman a sa danjar masu tafiya a ƙasa a cikin zanen, ya ba ma'aikaci abin da dole ya amsa dalla-dalla. Wasiƙa iri ɗaya da mutum ɗari suka sa wa hannu akan dunƙule ta a ba ta amsa ɗaya, don haka gara kowa ya faɗi nasa da bakinsa. Ba sai mai katin zaɓe ba, duk mazauni na iya rubutawa. Mai son tafinta ya nema kwanaki kafin taro. A kuma sani cewa ra'ayi kan shiga kundin da kowa ke iya karantawa, sau da yawa har da suna.

Kuskuren ƙofa ma yana cinye ƙoƙari. Bas da ba ya zuwa a kan lokaci, ko ƙarin kuɗin mota, ba na MPO ba ne, na hukumar da ke tafiyar da bas ɗin ne, kamar MTA a New York. Ita ma doka ta sa ta tanadi hanyar jin jama'a kafin ta ƙara kuɗi ko ta yi babban ragi a zirga-zirga.

St. Paul ta nuna abin da shiga da wuri ke iya yi. Da ake tsara layin jirgin da zai bi titin University ya haɗa ta da Minneapolis, an bar tazarar mil guda tsakanin tashoshi a daidai unguwannin da suka fi dogaro da bas, kusa da tsohuwar Rondo. Ƙungiyoyin unguwa suka shafe shekaru suna bin taro bayan taro da buƙata ɗaya tak: tashoshi uku, a Hamline da Victoria da Western. Ma'aunin da tarayya ke ba da kuɗi da shi a lokacin yana hukunta duk abin da ya ƙara wa tafiya minti, sai a Janairun 2010 aka sassauta shi. Da layin ya buɗe a Yunin 2014, tashoshin uku na ciki.

Idan hukuma ta yi kunnen uwar shegu da ƙa'idarta, akwai inda ake kai kuka. A yankunan da suka haura mutum 200,000, hukumomin hanyoyi da sufuri na tarayya na zuwa duba aikin MPO aƙalla duk shekara huɗu, kuma suna karɓar ra'ayin jama'a a lokacin. Wanda ke ganin an nuna wa unguwarsu wariya saboda launin fata ko asalin ƙasa yana iya kai ƙara ƙarƙashin babi na shida na dokar 'yancin jama'a ta 1964, cikin kwana 180. Irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe ne suka sa tarayya ta dakatar da faɗaɗa hanyar I-45 a Houston a Maris na 2021, aka janye dakatarwar a Maris na 2023 bayan jihar Texas ta sa hannu kan yarjejeniya. Aikin dai ya ci gaba. Don bin sawun alkawari kuma, cikin kwana 90 bayan ƙarewar kowace shekarar aiki dole a wallafa jerin ayyukan da aka ɗaure wa kuɗin tarayya a zahiri. A ɗora shi kusa da TIP, lamba da lamba, nan take za a ga aikin da aka ɗaga zuwa baɗi ba tare da an faɗa wa kowa ba.