Zogale Kaɗai Ba Ya Raba Yaro da Tamowa

A kasuwa da cikin wayoyinmu, zogale ya zama maganin komai: hawan jini, ciwon suga, ƙarancin jini, har da ramar yara. Ganye ne mai albarka, yana da sinadarin ƙarfe da bitamin A da furotin. Amma yaron da ya fara ramewa, abin da jikinsa ya fi nema shi ne abinci mai kauri mai riƙe ciki. Kuskuren da ya fi yawa a gidajenmu shi ne a dama koko tsararo, a barbaɗa masa zogale, a ɗura wa ɗan wata takwas. Cikinsa bai wuce ƙaramin kofi ba. Ruwa ya cika shi, ya yi gyatsa, ya yi barci, a ce ya ƙoshi, alhali kusan babu abin da ya shiga jikinsa.

Daga haihuwa zuwa wata 6, nono zalla, ko ruwa ba a ba shi. Daga nan sai a fara kunu, nono kuma ya ci gaba har shekara 2.

Garin kunun da muke koya wa iyaye mata, wanda ake kira Tom Brown, awonsa 6, 3, 1 ne: gwangwani 6 na gero ko dawa ko masara, 3 na waken soya, 1 na gyaɗa. Waken soya ne ke buƙatar haƙuri. A jiƙa shi ya kwana, a murje ɓawon, a shanya ya bushe, sannan a soya a kasko har ya yi ja, ƙarnin ya fita. In bai soyu ba, akwai sinadari a cikinsa da ke hana ciki narkar da furotin, yaro ya yi ta kumburin ciki da zawo, uwa ta ɗauka garin ne bai karɓe shi ba. Gyaɗa kuwa a zauna a tsince ta da kyau. Duk wadda ta yi fumfuna, ta yamushe ko ta canza launi, a zubar. Tana ɗauke da gubar da ke lahanta hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. A wanke geron, a shanya, a ɗan soya shi sama-sama. Sai a haɗa a niƙa, a tankaɗe, a bari ya huce kafin a rufe a roba mai murfi, don tururi na jawo fumfuna.

A kwaɓa garin da ruwan sanyi, a zuba a tafasasshen ruwa, a yi ta juyawa kan wuta kamar minti 10. A ɗebo da cokali a karkata: in ya tsiyaye kamar ruwa, bai yi ba. Ana so ya maƙale a cokalin. A sa ƙaramin cokali na manja, sai bayan an sauke a zuba ƙaramin cokali na garin zogale. Shi zogalen a inuwa ake shanya shi, rana tana cinye bitamin A ɗinsa.

Ɗan wata 6 zuwa 8 ya ci sau 2 zuwa 3 a yini, a fara da babban cokali 2 ko 3, ana ƙarawa. Daga wata 9 zuwa 11, sau 3 zuwa 4, rabin kofi kowane ci, da ɗan gwanda ko mangwaro a tsakani. Maigida, ƙwai ko ɗan busasshen kifi da za ka riƙo ya fi wa yaron nan amfani nesa da biskit. Kada a haɗa abinci da shayi, yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe. Zuma sai ya cika shekara 1. Ɗura kuma a daina ta, don Allah, kunu yana iya bi ta hanyar iska ya faɗa huhu.

Wata ramar ta wuce kunu. A asibiti ana auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59 da igiya mai launi uku. Ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. A gida ma, ki danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3. In kin ɗaga wurin ya bar rami, ko yaro ya ƙi cin komai, ki kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran zogale ya yi aiki.