Gidan Coolidge: mai kantin ƙauye da ya rantsar da shugaban Amurka

Plymouth Notch ƙauye ne a cikin duwatsun jihar Vermont, arewa maso gabashin Amurka. A ƙarni na 19 abin da ke cikinsa bai wuce coci da makaranta da kanti da ƴan gidajen manoma ba. Mai kantin, John Calvin Coolidge, shi ne mahaifin Calvin Coolidge, shugaban Amurka na 30, kuma yawanci iyakar abin da ake faɗa a kansa ke nan. A ganina an rage masa, domin darajarsa ta riga mulkin ɗansa da shekaru masu yawa.

Zuriyar daga Ingila ta fito. Kakansu na farko, shi ma John Coolidge, ya haye teku wajen 1630 ya sauka a Watertown ta Massachusetts. Bayan shekara kusan 150, wani jikan gidan da ya yi yaƙin neman ƴancin Amurka, Kyaftin John Coolidge, ya hau duwatsun Vermont ya sari gona a Plymouth. Ƙasa ce mai duwatsu da tsananin hunturu, noma a cikinta sai mai haƙuri. Da aka buɗe filayen yammacin Amurka, samari suka yi ta kwarara can, garin ya dinga raguwa. Wannan reshe na gidan bai tashi ba.

Calvin Galusha Coolidge, jikan kyaftin ɗin, manomi ne, alƙalin sulhu, kuma ya wakilci garin a majalisar jiha. Kafin rasuwarsa a 1878 ya bar wa jikansa Calvin gona mai eka 40, bisa sharaɗin da ya hana a sayar da ita. Tsohon so yake ya ɗaure yaron da ƙasar kakanninsa.

Ɗansa John, wanda aka haifa a 1845, shi ya shigo da ciniki gidan. A 1868 ya auri Victoria Moor, ya kama kantin ƙauyen, suka zauna a ɗakunan da ke manne da bayansa. Nan aka haifi Calvin ranar 4 ga Yuli 1872. Kantin ƙauye na wancan zamani komai da ruwanka ne: gishiri, ƙusa, yadi, kananzir, ga gidan waya a ciki. Manomi ba kullum yake da tsabar kuɗi ba, sai ya ɗauki kaya bashi, ko ya kawo amfanin gona a yi musaya. Saboda haka mai kanti ya san sirrin kowane gida, ya san wanda shekara ta yi wa kyau da wanda ke ɓoye talauci.

Irin wannan mutum ne garin ya yi ta ɗora wa muƙamai: mai karɓar haraji, ɗan doka, alƙalin sulhu, mai shaida takardu da hatimin hukuma, da wakilci a majalisar jiha daga 1872 zuwa 1878. Alƙalin sulhu a can ba lauya ba ne, maƙwabci ne da aka ba ikon ɗaura aure da sauraron ƙananan ƙararraki, kusan yadda mai unguwa ke kashe rigima kafin ta kai gaban hukuma. Haɗa littafin bashi da ikon shari'a a hannu ɗaya abu ne mai haɗari, don mai son zuciya zai iya matse talaka ta fuska biyu. Abin da ke ba ni sha'awa shi ne, a garin da kowa ya san kowa kuma ake zaɓe a taron gari duk shekara, mutane suka ci gaba da miƙa masa amanarsu shekara da shekaru. Calvin yana yaro yakan bi shi wajen karɓar haraji da zaman shari'a, ya ga da idonsa irin gumin da ke bayan kowace dala da hukuma ke karɓa.

Gidan ya sha rashi. Victoria ta rasu a 1885 Calvin yana ɗan shekara 12, ƙanwarsa Abigail ta bi ta a 1890. A shekarar ce John ya haɗa kai da wasu manoma suka kafa masana'antar cuku, don madarar ƙauyen ta samu kasuwa.

Ranar 2 ga Agusta 1923 Shugaba Warren Harding ya rasu a San Francisco, mataimakinsa Calvin kuwa yana hutu a gida. Gidan ba tarho, ba lantarki, sai da mota aka kawo saƙon cikin dare. Da ƙarfe 2:47, a hasken fitilar kananzir, dattijon mai shekara 78 ya rantsar da ɗansa da ikonsa na mai shaida takardu. Antoni janar a Washington bai gamsu cewa jami'in jiha na da wannan hurumi ba, sai wani alƙalin tarayya ya maimaita rantsuwar a asirce a otal ɗin Willard ranar 21 ga watan.

John ya rasu a Maris 1926, shugaban yana kan hanya bai riske shi da rai ba. Jikansa, wani John ɗin, ya miƙa gidan ga jihar Vermont, kuma a 1960 ya farfaɗo da masana'antar cukun da kakansa ya kafa, wadda ta daɗe a rufe.